Yadda Aka Kankare "Mashawarci" Daga Ƙofata

Jama'a, ranar Litinin ta makon jiya, wajen ƙarfe tara na safe, duk wanda ya hau bene na biyu na makarantar da nake aiki a nan Greensboro ta Amurka zai tarar da ni, Hamissou, ɗan shekara hamsin da uku, da furfurata da komai, tsaye a kan kujera ina kankare allon ƙofar ofishina da wuƙar shafa bota. Sunan yanka dai sun bar mini, Allah ya saka musu da alheri. Abin da ke ƙarƙashinsa ne aka ce ya sauka. Allon nan kuwa an manna shi da wani irin gam wanda in da shi ake manna alkawarin 'yan siyasa, da tuni talaka ya huta. Na danna, na murɗa, wuƙa ta kuɓuce ta tsaga mini babban yatsa. Na sauko daga kujera ina salati, yatsa a baki, ga wasu ɗalibai biyu sun tsaya suna kallona kamar sun biya kuɗin shiga.

Bari in faro muku daga tushe. Makarantarmu ta kuɗi ce, ta koyon sana'a: gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ɗibar jini, taimaka wa likita a asibiti, da ire-irensu. Aikina shi ne in tarbi mai son shiga, in zagaya da shi, in nuna masa ɗakin da muka kwantar da mutumin roba a kan gado, in dawo da shi ofis in miƙa masa biro ya sa hannu. Shekara shida allon ƙofata yana ɗauke da wata kalmar Turanci mai nauyi, wadda mutanenmu suka juya zuwa Hausa suka ce Mashawarci. Daga nan suna ya bi ni. Suna kuwa linzami ne, har tafiyata sai da ta canza.

Sai ga takarda daga Masu Girma Iyayen Ƙa'ida, waɗannan bayin Allah da ke tantance makarantu irin tamu, waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba sai sa-hannunsu. Shafi sittin da huɗu. An ce sai da suka kwana uku a wani otal suna shan kofi da donat kafin su cim ma matsaya, kuma wallahi na jinjina musu, don ba ƙaramin aiki ba ne mutum arba'in su taru a kan kalma ɗaya. Abin da suka yanke shi ne: duk wanda makaranta ke biya don ya cika mata kujeru, haramun ne a kira shi mai ba da shawara, ko jagora, ko wani suna da zai sa baƙo ya zaci a gefensa kake. Sunan da aka halatta mana shi ne Wakilin Shigar Da Ɗalibai. Ranku ya daɗe, an gode. Ba su tambayi kuɗin makaranta ba, ba su tambayi rufin ɗakin gwaji da ke yoyo tun bara ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin ni ne.

Za ku ce mene ne abin kuka a nan, albashi dai bai ragu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ban je Makka ba, saboda haka ba Alhaji. Karatun allo a izu biyu na tsaya, saboda haka in an ce mini Malam, na san irin Malam ɗin da ake ce wa mai faci ne. Ba Dokta, ba Injiniya. Kafin in samu allon nan, in an je suna ko ɗaurin aure, mai riƙe da lasifika zai jero Alhaji wane, Dokta wane, Shugaba wane, sannan ya ce "da sauran 'yan'uwa". To ni ne sauran 'yan'uwa. Shekara goma sha ɗaya ina sauran 'yan'uwa a garin nan, a kujerar baya kusa da kular ƙanƙara, naman da ke isowa wurina kuwa wuya ne da ƙafa. Ranar da aka fara cewa "Mashawarci Hamissou", ranar na san kaza tana da cinya. Da zafin abin na buga katin suna dubu da ɗari biyar, na yi ta tattalinsu ban raba ko ɗaya ba. Tsohuwata a Tessaoua ta Nijar har yau tana gaya wa maƙwabta ɗanta yana ba manyan Amurka shawara. Ni ban faɗa mata haka ba. Ban dai musanta ba.

Yatsa na naɗe da filasta Madam Darakta ta kira ni ofishinta. Mace ce mai murmushi, irin murmushin da in ka gan shi sai ka fara tuna inda ka ajiye takardun neman aiki. Ta ce ranar Alhamis Iyayen Ƙa'ida za su turo mai bincike, za ta zauna a ofishina ta ga yadda nake shigar da ɗalibi daga farko har ƙarshe. Abu biyu take so. Na ɗaya, kada a ga kalmar nan, kada a ji ta, ko daga bakina ko daga bakin wani. Na biyu, wanda zan zauna da shi ranar ya fita da sa-hannu a takarda, don ajin wata mai kamawa saura kujera ɗaya, kuma wata uku ke nan ina jan ƙafa. "In ɗaya ya kuskure," in ji ta, "ofishin nan akwai masu so." Na ce ba komai, Madam. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kati dubu da ɗari biyar kuwa na kwashe su zuwa gida, na sayi baƙin alƙalamin maka, na zauna a teburin cin abinci ina bi ɗaya bayan ɗaya ina shafe kaina. Wannan mai sauƙi ne. Shafe shi daga bakin mutane shi ne jidali. Na fara da uwargida, Chamsiya. Na ce daga yau ta daina ce mini Mashawarci.

Ta ajiye ludayi ta ce, "To in ce maka me?"

Na ce, "Sunana mana."

Ta riƙe haɓa. "Ni? In buɗe baki in kira sunanka gatsal, kamar ba a yi mini tarbiyya ba? Shekara ashirin da biyu ban yi ba, sai yau don wasu sun sha kofi a otal? Su zo su kama ni."

Na bar ta, na rubuta a zauren WhatsApp na 'yan ƙungiyarmu cewa don Allah, don Annabi, daga yau kada kowa ya sake kira na da wancan suna, hukuma ta hana. Kafin minti biyar amsa ta fara shigowa. "To, Mashawarci, mun ji." "Allah ya ƙara girma, Mashawarci." Wani dattijo ya turo saƙon murya na minti huɗu yana cewa tawali'u irin na Mashawarci sai an tona.

Da yamma na fito baranda ina huci, na tarar da maƙwabcina Simeon yana wanke mota. Simeon mutumin Filato ne, Dikin ne, wato mai hidima a cocinsu, shekara tara muna katanga ɗaya a unguwar Glenwood, kuma Allah ya hore masa bakin da ba ya ajiya. Na zayyana masa zaluncin da aka yi mini, ina jiran jaje.

Ya matse soso ya ce, "Maƙwabci, tsakaninka da Allah, a shekara shidan nan shawara nawa ka bayar?"

Na ce, "Kullum ina bayarwa."

"Wace iri?"

"Ina ce musu su shiga."

"Ka taɓa ce wa wani kada ya shiga?"

Na koma duban tayar motarsa.

Ya ce, "To ai mu a tashar Terminus, can gida Filato, muna da irinku. Yana tsaye a bakin mota yana ihu, saura mutum ɗaya, saura mutum ɗaya! Ko ina za ka, motarsa can za ta. Ɗan kamasho muke ce masa. Bambancinku kawai kai kana da nakatayel."

Na ce masa ai shi ma Dikin ɗin ba da shi aka haife shi ba. Ya yi dariya ya ce shi dai ko an tuɓe masa, shi zai ci gaba da jera kujeru ranar Lahadi. Na shige gida ban yi masa sallama ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne a zancen Madam ma saura kujera ɗaya.

Wadda na tanada don ranar Alhamis ita ce Rachida, matar Mamane direban tirela. 'Yar garinmu ce, na san mahaifinta, har goro ya taɓa ba ni. Shekara takwas tana kitso a wani shago, tsaye daga safe har yamma, kwana shida a mako, har yatsunta sun fara ƙagewa da safe sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi. Burinta ɗaya a duniya, ta zama nas. Ta daɗe tana tambaya ta, ni kuma ina ce mata kwas ɗinmu na mataimakin likita na wata tara "hanya ce, da yardar Allah". Na ce a raina ga wadda ba za ta ba ni kunya ba. Na buga mata waya na ja mata kunne sau uku a kan sunan nan. Ta ce in kwantar da hankalina.

Alhamis ta zo, mai bincike ta iso. Bari mu kira ta Magajiyar Fom. Baiwar Allah ce mai ladabi, da tabarau a kan hanci da allon kwamfuta a cinya, ta zauna a lungu ta ce in yi kamar ba ta nan. Haka kura ma za ta ce wa akuya. Ƙarfe goma daidai aka turo ƙofa, Rachida ta shigo cikin leshi kamar za ta biki, ta durƙusa har ƙasa ta ce da ƙarfi, "Ina kwana, Mashawarci!"

Na saci kallon lungu. Magajiyar Fom ta ɗago ta tambaye ni da Turanci me aka ce. Na ce gaisuwar garinmu ce, haka muke yi wa kowa. Ta rubuta wani abu tana murmushi. Allah ya yafe mini. Ban gama farfaɗowa ba Rachida ta zaro ƙunshin kilishi daga jaka ta ɗora a tebur, wai tsarabar Mamane ce, kada a zo wurin babba hannu rabbana. Karɓar kyauta kuwa shafi na talatin da ɗaya ne a cikin sittin da huɗun nan. Na yi wuf na sauke shi ƙasa, na tura shi ƙarƙashin tebur da ƙafa. Ƙamshin yaji ya cika ɗaki, Magajiyar Fom ta yi atishawa biyu ta nemi gafara.

A cikin sabuwar ƙa'ida akwai wasu layuka uku da dole in karanta wa duk mai neman shiga kafin ya taɓa biro. Na karanta da Turanci, suka wuce sumul kamar addu'ar da aka haddace. Sai Magajiyar Fom ta ce, tunda baƙuwar ta fi jin harshenmu, in maimaita mata da shi. To a nan ne kiɗa ya canza. Da Turanci magana tana da inda za ta ɓuya. Da Hausa kuwa sai na ji bakina yana cewa, "Rachida, ni ma'aikacin makarantar nan ne. Su suke biya na. Aikina in shigar da ɗalibai. Ni ba mai ba ki shawara ba ne, wakili ne."

Ta ce, "Wakilin wa? Nawa ko nasu?"

Na ce, "Nasu."

Ta dubi takardar, ta dube ni, ta dubi baƙuwar da ke lungu. "To wa ke nawa a ɗakin nan?"

Jama'a, na sha tambayoyi a ofishin nan. An tambaye ni wurin ajiye mota, an tambaye ni ko akwai hutun Sallah. Wannan ba a taɓa yi mini ita ba. Na miƙa mata biro don in rufe zancen, ta karɓa da yatsun nan nata da suka kumbura a gaɓoɓi, ta kasa riƙe shi daidai sai da ta gyara sau biyu. Ta sa bakinsa a kan layin sa-hannu, sannan ta tsaya.

Ta ce, "Kawu, ni ban iya karanta wannan duka ba. Kai na sani, babana ma ya san ka. In na gama wata taran nan, zan zama nas?"

Amsar tana bakina, wadda na saba, hanya ce da yardar Allah. Shekara shida ina faɗin ta ko tuntuɓe ba na yi. Ta gilashin ƙofa ina hango Madam tana kai da kawowa a baranda da kofin kofi. Na tuna ofishin nan akwai masu so. Na tuna kujerar baya kusa da kular ƙanƙara. Sai kuma na ji muryar Simeon, kamar yana bayan kunnena, saura mutum ɗaya! Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro.

Na ce, "Ba za ki zama ba."

Ta ɗago kai.

Na ce, "Takardarmu ta mataimakin likita ce, za ki auna jini ki rubuta nauyi, kuma sana'a ce mai kyau ga mai son ta. Amma ba ta kai mutum nas. In kika gama kika tafi makarantar jinya, ba za su lissafa miki ko kwana ɗaya ba, daga farko za ki fara. Ki je kwalejin gwamnati, ki fara da ajin Turanci da lissafi na yamma. Ya fi tsawo, ya fi wuya, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma can ne hanyar take. Ajiye biron nan."

Ta ajiye shi a hankali. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, "Shekara biyu ina tambayar ka."

Na ce, "Na sani."

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi jin sauƙi. Na laluba aljihu don in rubuta mata inda za ta, ban samu komai ba sai katina, wanda na shafe da baƙin maka. Na juya bayansa na rubuta mata adireshin da sunan ofishin da za ta nema. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi wa baƙuwa sallama, ta fita. Kilishin dai ta bar shi.

Magajiyar Fom, wadda ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta miƙe ta ba ni hannu. Ta ce ta zagaya makarantu da yawa, ba ta taɓa ganin wakilin da ya karanta layukan nan da irin wannan natsuwa ba, har gumi yake yi, kuma ga shi baƙuwa ta tafi ba tare da an matsa mata ba. Ta ba makarantarmu maki cikakke. Madam ta raka ta har mota tana murmushi, ta dawo da murmushin bai ragu ba, ta ce in same ta a ofis.

Ba a kore ni ba, kada maƙiya su yi saurin murna. An dai ce tunda na ƙware a hira, an ɗaga ni zuwa teburin bakin ƙofa a ƙasa, inda nake amsa waya ina nuna wa mutane hanyar bayi. Sabon muƙamina Jami'in Tarbar Baƙi Na Ɗaya. Na tambaya ina na biyu, aka ce babu. Na duba shafi sittin da huɗun nan kaf, wannan sunan halal ne. Ofishina kuwa an ba wani saurayi mai gashi a tsaye, wanda ke rufe sa-hannu uku kafin azahar. Teburina ba shi da ƙofa, saboda haka ba abin da za a sake sa ni in kankare.

Da na gaya wa Simeon, bai yi dariya ba, abin da ya ba ni mamaki. Ya ce in kawo kilishin mu ci. Muka ci a baranda, ya sha ruwa kofi uku, ya ce mutanen Nijar ba su da tausayi a harkar yaji.

Ranar Juma'a na je masallaci a makare da gangan, na yi sallah a sahun baya, ana sallamewa na nufi mota kaina a ƙasa, don na san labari ya riga ni. Ina sa makulli sai na ji an ƙwala daga can ƙarshen filin ajiye motoci, "Mashawarci!" Mamane ne, mijin Rachida, yana tahowa da sauri yana jan wani mutum da hannu. Ya ce Rachida ta je, ta yi rajistar ajin yamma, Litinin za ta fara. Wannan kuma ɗan'uwansa ne, yana son koyon gyaran na'urar sanyi, an ce masa ya zo wurina don ni ba na ɓoye wa mutum gaskiya. Ni! Kafin in buɗe baki wasu uku sun tsaya a bayansa, har da wata Hajiya 'yar Kumasi da takardun 'yarta a leda. Na ce musu hukuma ta hana a kira ni da sunan nan. Suka ce to, Mashawarci. Na jingina da bayan mota na fara duba takardu, ɗan'uwan Mamane ma na ce masa kwas ɗinmu na sanyi ba laifi, ya shiga, amma ya tambayi ranar da za a gyara rufin. Sai da rana ta karkata na bar wurin, kati bakwai sun tafi, kowanne da rubutu a bayansa.

Saboda haka, Masu Girma Iyayen Ƙa'ida, ranku ya daɗe, na janye rabin ƙorafina. Kun harbi allo kun samu mutum, ko da yake na san ba da niyya ba ne, kada ku saba. Sauran rabin yana nan har sai kun zo kun ga rufin ɗakin gwaji. Kati kuma saura dubu da ɗari huɗu da casa'in da biyu, bayansu fari tas. Mai son shawara ya same ni bayan Juma'a, wajen tsohuwar mota ruwan toka mai lotsattsen gefe. Na bincika, ƙa'idar ba ta kai filin ajiye motoci ba tukuna. Don Allah wanda ya iya Turanci a cikinku ya riƙe bakinsa, kada su koma otal.